Ƙirjin Abba da sikelin asibiti

Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Sunan kakansa na wajen uba ya ci, shi ya sa kowa a gidan Abba yake ce masa, ban da Hajiya, mahaifiyar maigidana, wadda tun yana zanen goyo take kiransa Angona. A cikin birnin Kano muke, gida ɗaya da ita, ƙofar ɗakinta na kallon tawa.

Tun yana shekara shida yake tari da zarar hunturu ya shigo. Busasshen tari ne na dare, wani lokaci har da ɗan fito a ƙirji kamar kukan 'yar kyanwa. Mukan ce sanyi ne ya shige shi. In abin ya matsa, babansa ya leƙa wani kemis a bakin layinmu a haɗo ƙwayoyi a 'yar leda. A cikinsu akwai wasu ƙanana farare, waɗanda in ya sha kwana biyu sai ka ga kamar an zare masa ƙaya. Ban taɓa tambayar sunansu ba. Da muka lura gudu na tayar masa da tarin, sai muka hana shi ƙwallo. Ni da hannuna na rubuta wa makarantarsu takarda cewa a ɗauke masa motsa jiki. Yaro ya koma zaman ɗaki, daga makaranta sai Islamiyya sai gaban talabijin, kuma ya fara cika. Duk wadda ta shigo gidan sai ta ce, "Tubarkalla, Abba an samu lafiya." Ni kuwa daɗi nake ji har raina, domin uwar da ɗanta ke yawan ciwo ba abin da take so ta ji kamar a ce ya yi kumatu.

A Disambar 2023, yana da shekara 12, hazo ya kwana uku bai ɗaga ba. Wajen ƙarfe biyun dare ƙanwarsa ta buga mana ƙofa ta ce Yaya ya kasa kwanciya. Na same shi zaune a bakin katifa, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka. Na ce, "Abba, me ke damunka?" Ya ce, "Umma," ya tsaya ya ja numfashi, "ƙirjina," ya sake tsayawa. Kalma biyu ya kasa haɗawa a numfashi ɗaya. Daga baya aka gaya mini wannan na cikin alamun da ba a jiran gari ya waye a kansu, tare da lotsawar fatar wuya da ta tsakanin haƙarƙari, da canjin launin leɓe. A daren ban san haka ba. Tsoro ne kawai ya sa na ce wa babansa mu tafi yanzu.

A sashen gaggawa aka sa masa iskar oksijin, aka ɗaura masa abin hanci mai fitar da tururin magani har sau uku a cikin awa ɗaya. Kwana biyu muka yi. Ranar sallama likitan ya ce in nuna masa abin da muke ba shi a gida. Na ciro ledar daga jaka. Ya ware fararen ƙwayoyin gefe, ya tambaye ni sau nawa yake shan su a shekara. Na ƙirga a raina, na ce zai kai sau shida ko bakwai, kuma an shekara biyar ana haka. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce sunansu firednisolon, ya rubuta takarda ya tura mu wurin likitar ƙirjin yara, ya ce kada mu sake ba shi sai da hannun likita.

Mako biyu bayan haka muka je. Tun bakwai na safe muka yanki kati muka bi layi. Kafin a ga likita sai an bi ta wurin nas, ta sa yaro ya cire takalmi ya hau sikeli, sannan ya jingina da bango a auna tsawonsa. Abba ya yi kilo 63, tsawo santimita 150. Na ga nas ɗin ta danna waya ta rubuta 28 a gefen katin ta kewaye shi da jan biro.

Likitar mace ce, ta girme ni kaɗan. Da muka zauna, kafin ma ta sa abin sauraron ƙirji, sai ta jawo wata takarda mai layuka masu lanƙwasa, ta sa ɗigo a can sama da dukkan layukan. Ta ce ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa sau tsawonsa a mita, abin da ya fito shi ake dubawa. A yara kuma ba a amfani da ma'aunin manya, sai an duba shekaru da jinsi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin yaro namiji ɗan shekara 12 yana wajen 17 da rabi, wanda ya haura 23 da rabi kuwa ya shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin lalura. Abba na 28.

Raina ya ɗan sosu. Na ce, "Likita, ai ƙirjinsa muka kawo." Ta ce, "Maman Abba, maganar ƙirjin nake yi."

Ta yi ta tambayoyi, wasu ban ga haɗinsu da tari ba a lokacin. Yana minshari? Yana yi, har a tsakar gida ana ji. Yana tashi da ciwon kai ko gyangyaɗi a aji? Malaminsu ya taɓa kawo ƙara. Yana kukan ƙwannafi bayan ya ci abincin dare? Abba da kansa ya ce e, ni ban ma sani ba. Akwai mai asma ko yawan atishawa a dangi? Ƙanena yana da ita. Da me muke girki, ina janareto yake, muna kunna maganin sauro mai hayaƙi, ina sa turaren wuta? Duk amsar e ce. Sannan ta ce wani abu da ya tsaya mini: ba duk yaro mai jiki da ke haki ne yake da asma ba. Wani nauyi ne kawai da rashin sabo da motsi, a yi ta ba shi maganin asma a banza. Wani kuma asmar ce da gaske, amma a ce ai ƙiba ce, a ƙyale shi. Ba za ta yanke hukunci da kunne ba, sai an yi gwajin hura iska.

An ba mu rana bayan kwana tara, aka ce kada ya shaƙi shuɗiyar inhelar da aka sallame mu da ita, wato ɗan abin fesa maganin numfashi a baki, a safiyar ranar, sai in numfashin ya matsa. Ɗakin gwajin ƙarami ne, kwamfuta ɗaya da wani bututu mai kauri kamar bakin tiyo. Ma'aikacin ya zaunar da Abba, ya maƙala masa abin matse hanci, ya ce ya ja iska har ƙirjinsa ya cika maƙil, ya kama bututun da leɓe, ya huro da dukkan ƙarfinsa lokaci ɗaya, kuma kada ya tsaya sai an ce ya tsaya. Yana hurawa mutumin na ɗaga murya, "Ci gaba, ci gaba, saura, saura!" Na farko tari ya katse shi. Na biyu iska ta zurare ta gefen baki. Sai da ya yi sau shida kafin a samu uku masu kyau da suka yi kusa da juna. Idanunsa sun yi ja, gumi na zuba, ni kuma ina ta addu'a a zuci. Daga nan aka fesa masa shuɗin magani sau huɗu, aka ce mu zauna a waje minti 15, muka dawo ya sake hurawa daga farko.

Da muka koma da takardar, likita ta nuna mini lambobi biyu. Ɗaya jimlar iskar da ya iya fitarwa, ɗaya kuma abin da ya fitar a daƙiƙar farko kaɗai. Jimlar tasa ba laifi, ta ce, amma ta daƙiƙar farko ta yi ƙasa, alamar iskar na nan a ciki amma hanyar fita ta ƙuntata. Bayan maganin kuwa ta daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 16 cikin ɗari. A yara, in ƙarin ya wuce kashi 12, to hanyoyin iskar irin masu tsukewa su buɗe ne, wato asma. Ta tabbata.

Sai ta ajiye biro ta yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Ta tambayi Abba ko ya taɓa ganin zugazugin maƙera. Ya ce ya gani a kasuwa. Ta ce huhu haka yake aiki. A ƙarƙashinsa akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, in ta sauka iska ta shiga, in ta hau iska ta fita. To kitsen ciki yana tura tsokar nan sama, na jikin ƙirji kuma yana danne haƙarƙari, sai ya zama kamar an ɗora wa zugazugi dutse. Mai ƙiba yana numfashi ne da huhun da bai gama buɗewa ba, kuma in huhu bai buɗe sosai ba, ƙananan hanyoyin iskar da ke cikinsa ma a tsuke suke zama. Ga mai lafiya wannan haki kawai zai jawo. Ga wanda asma ta riga ta kumbura masa hanyoyin, ta cika su da majina, ɗan matsin nan shi ne tsakanin barci lafiya da kwana a asibiti. Abin ya fi tsananta in an kwanta, domin a lokacin nauyin cikin gaba ɗaya yake komawa kan ƙirji.

Ta ce kuma kitse ba ajiya ba ce kurum da ke zaune shiru. Yana sakin wasu sinadarai cikin jini, ta ambaci ɗaya mai suna leftin, waɗanda ke rura kumburi a jiki, har da hanyoyin numfashi. A yara masu tasowa akwai ƙarin wani abu: masu bincike sun lura cewa huhun yaro mai ƙiba yakan yi girma ya wuce faɗin bututun da ke kai masa iska, kamar a faɗaɗa tafki a bar magudanarsa yadda take. Shi ya sa takardar Abba ta nuna jimla mai kyau amma fita a hankali. Ga ƙwannafi, wanda ƙiba ke ƙarawa, shi ma yana tayar da tarin dare. Ga minshari da yankewar numfashi a barci. Sannan maganin rigakafin asma da ake shaƙa bai cika yin ƙarfi a jikin yara masu ƙiba kamar yadda yake yi a jikin sauran ba. Ta ce a Amurka an bi bayanan yara fiye da 500,000, aka wallafa sakamakon a 2018, aka ga masu ƙiba sun fi sauran haɗarin kamuwa da asma da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Na tambaye ta, to wanne ya kawo wanne? Ta ce a wurin Abba kowanne ya ciyar da ɗan'uwansa. Asma ta sa mun zaunar da shi, zama ya kawo nauyi, nauyi ya tsananta asma, tsananin ya sa mun ƙara zuwa kemis. Ta ɗauko maganar fararen ƙwayoyin. Ta ce, "Kin san sha-ka-fashe da wasu mata ke sha don su yi jiki? To danginsu ɗaya." Suna buɗe ciki, suna tara kitse a fuska da tumbi, in an daɗe ana sha suna taɓa ƙashi da sukarin jini da tsawon yaro. Magani ne mai ceton rai in asma ta tashi da ƙarfi, na 'yan kwanaki, da lissafin likita. Mu kuwa mun mai da shi abin sha duk sanda aka yi tari. A nan ne hawaye ya zubo mini. Kumatun da nake alfahari da su, ashe wani ɓangarensu daga ledar nan ya fito.

Ta bar ni na share fuska, sannan ta ce abin da ya wuce ya wuce, ga yadda za a yi. Ba za a fara da gudu ko rage abinci ba. Za a fara buɗe ƙirjin tukuna, domin yaron da numfashi ke yi wa wuya ba wanda zai iya sa shi motsi. Ta rubuta inhela biyu. Mai ruwan ƙasa ta rigakafi ce, safe da dare, kullum, ko yana jin lafiya garau. Shuɗiyar ta buɗe hanya ce, in numfashi ya sarƙe, ko minti 15 kafin wasa. Na faɗa mata abin da ake faɗa a unguwa, cewa wanda ya fara inhela ya kamu ke nan har abada. Ta ce ba ta sa jaraba, kuma ba ta raunana huhu, ciwon da aka bari ba magani shi ke raunana shi. Na ce to ita mai ruwan ƙasar ba dangin fararen ƙwayoyin ba ce? Ta ce dangi ne, amma abin da ke cikin fesa ɗaya ɗan mitsitsi ne, kuma kai tsaye huhu yake zuwa maimakon ya zaga jiki duka. Sharaɗi dai ya kurkure baki ya tofar bayan kowace shaƙa.

Nas ce ta koya mana yadda ake shaƙar. Da Abba ya gwada a gabanta sai muka ga hayaƙin maganin na fitowa ta bakinsa, wato rabinsa a iska yake tafiya, sauran a harshe. Ta ce yawancin mutane haka suke yi. Akwai wani bututun roba da ake sayarwa, a sa inhela a gefe ɗaya a kama ɗaya gefen da baki, amma a ranar babu shi a kantin maganin asibitin. Sai ta ɗauko robar ruwa mai rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin inhela. A girgiza inhelar, a cusa ta a hujin, a kama bakin robar da leɓe, a fesa sau ɗaya, a ja numfashi a hankali sau biyar ko shida, sannan a sake girgizawa a yi na biyu. Na ɗauka dabarar talauci ce kawai, sai ta ce likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun gwada robar nan tun shekarun 1990, suka ga tana aiki kamar na kanti. Babansa ya yi mana guda biyu a daren, ɗaya ta gida ɗaya ta jakar makaranta.

Cikin mako uku tarin dare ya ɗauke. Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi.

Jami'ar abinci ta ce in rubuta duk abin da ya shiga bakinsa na kwana uku, kada in canja komai, kada in ɓoye komai. Takardar nan ta buɗe mini ido. Da safe shayi mai sukari cokali huɗu da burodi a ɗakina, sannan ƙosai da kunu a ɗakin Hajiya. A makaranta kuɗin tara na tafiya a fanke da lemon kwalba. Da rana shinkafa. Bayan Islamiyya indomi biyu da ƙwai. Da dare tuwo a wurina, sannan Hajiya ta ajiye wa angonta nasa kwanon da nama. Ashe kusan kowane abinci sau biyu yake ci, kuma ba wanda ya sani, domin kowace cikinmu nata kawai take gani. Jami'ar ta zuba sukari a faranti da ƙaramin cokali, ta wuce goma tana ƙirgawa, ta ce abin da ke cikin robar lemo ɗaya mai rabin lita ke nan. Abba ya zuba wa farantin ido bai ce komai ba.

Ta gargaɗe ni kada in sa shi yunwa. Yaro ne mai girma, burin farko shi ne nauyin ya tsaya cak, tsawo ya zo ya same shi. Kuma kada a ware masa tukunya, duk gidan za a canja. Muka daina sayen lemon kwalba sai ranar Juma'a, zoɓo da kunun aya na koma yi da kaina da ɗan sukari kaɗan. Indomi ta koma sau ɗaya a mako. Malmalar tuwo ta ragu, miya da ganye suka ƙaru, kwaɗon zogale da rama da dafaffen wake suka dawo gidan bayan an daɗe da mantawa da su. Kuɗin tara ya koma gyaɗa da lemon zaƙi ko gwaiba daga gida.

Hajiya ce ta fi wuya, kuma ban ga laifinta ba. Ta haifi tara, ta binne uku suna ƙanana, a zamanin da ramar yaro ke nufin ƙyanda ko gudawa ko yunwa. A idonta jikan da ya cika shi ne jikan da ya tsira. Da na je mata da maganar cikin ladabi sai ta ce, "Yanzu abincin hannuna ne ya zama cuta?" Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Babansa ya zauna da ita bayan magariba, ya kawo mata hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce in ba makawa to sulusin ciki na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Ya ce, "Hajiya, sulusin numfashin ne ya ƙare wa angon naki." Ta yi shiru. Amma abin da ya juyo da ita gaba ɗaya shi ne zuwa asibiti da muka yi da ita a ganin likita na gaba. Likitar ta durƙusa ta gaishe ta, ta nuna mata takardar gwajin, sannan ta damƙa mata wani ɗan bututu mai lambobi da ake hurawa a gida. Ta ce, "Hajiya, ke za ki riƙe wannan. Kullum da safe ya hura sau uku a gabanki, a rubuta mafi girma." Daga ranar kwanon dare ya koma gwanda ko kankana, kuma ba wanda ya isa ya fita makaranta bai hura bututun Hajiya ba.

Nawa sadaukarwar turaren wuta ne. Na taso ban san ɗakin mace ba ƙamshinsa ba, amma na daina sa shi a ɗaki, sai dai in turara kaya a can bayan gida in Abba ba ya nan. Maganin sauro mai hayaƙi ya ba gidan sauro wuri, janareto ya koma nesa da tagar yara.

A wata na biyu aka ba shi izinin motsi. Babansa ya fara fita da shi bayan la'asar, tafiyar minti goma, su juyo. Ranar farko ya dawo yana haki, na miƙa hannu zan ɗauko inhela, babansa ya ce in saurara tukuna. Ba fito, ba tari, cikin minti uku ya dawo daidai. Wannan hakin rashin sabo ne, kuma koyon bambance shi da na asma ya ɗauke ni lokaci. Minti goma ya zama ashirin, ya zama talatin, aka gyara tsohon keken babansa. An ce mana abin da ake so ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17 shi ne awa guda na motsi a kullum, mu dai sai da muka yi wata biyar kafin mu kusanci haka. Na sake rubuta wa makaranta takarda, na janye ta farko, na roƙi malamin wasanni ya bar shi ya shaƙi maganinsa kafin a fara, kuma ya bar shi ya huta in ya nema.

A nan wata matsala ta ɓullo da ban yi tsammani ba. Na ga shuɗiyar inhelar jakarsa ba ta raguwa. Da na matsa masa sai ya fashe da kuka, ya ce da ma yara na kiransa buhu, in suka gan shi da roba a baki kuma me za su ce. Na rasa abin faɗa. Babansa ne ya gaya masa cewa David Beckham da Paul Scholes, waɗanda shi baban ya taso yana kallo a Manchester United, dukkansu da asma suka yi ƙwallonsu. Abba ya sa aka nemo masa su a waya ya gani da idonsa. Ban ce tsokanar ta ƙare ba, amma ya koma shaƙar maganinsa a ofishin malamin kafin ya fita fili.

Azumin 2024 ya kama a watan Maris, ga zafi. Ya dage zai yi duka. Likita ta mayar da inhelar rigakafi lokacin sahur da bayan shan ruwa. Game da shuɗiyar da rana, malamin babansa ya ce malamai sun saɓa, amma akwai manya irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin da suka yi fatawar cewa ba ta karya azumi, kuma ko a wurin masu ganin tana karyawa, mara lafiya yana da rangwamen ramawa. Sau biyu kawai ya buƙace ta. Inda muka faɗi shi ne faranti: soyayyen dankali, doya da ƙwai, ƙosai, ga naman salla da cincin. Bayan salla sikeli ya nuna ƙarin kilo ɗaya da rabi. Jami'ar abinci ba ta ɗaga hankali ba, ta ce a koma inda aka tsaya.

Kuskure mafi girma da damina muka yi shi. Kuɗin inhela ya yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen 2023, wani lokaci ma a zaga kantuna babu. Mai ruwan ƙasar ta ƙare, yaro kuma lafiya lau, sai muka ce bari a ɗan jinkirta zuwa ƙarshen wata. Mako uku ba a yi ba lambobin littafin Hajiya suka fara sauka, tun kafin mu ji tari. An koya mana cewa in lambar ta kai kashi 80 cikin ɗari na mafi kyawun abin da yake hurawa to lafiya, tsakanin 50 da 80 a bi takardar matakan da likita ta rubuta mana, ƙasa da 50 kuwa a shaƙa a nufi asibiti. Ya sauka wajen 70. Hajiya ce ta kira ɗanta ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, ta kwance bakin zaninta ta ba da kuɗin. Tun daga nan in ɗaya ta kai rabi muke neman wata.

Hunturun da ya biyo baya shi nake tsoro. Muka sa masa takunkumi in hazo ya sauko, aka mayar da wasa cikin gida a ranakun da ƙura ta yi yawa. Sau ɗaya mura ta kama shi lambar ta faɗi, muka bi takardar likita, kwana huɗu ya warware. Ba mu kwana asibiti ba, bai sha farar ƙwaya ko ɗaya ba.

A Janairun 2025 muka koma gwajin shekara. Nas ɗin nan dai ce. Kilo 60, tsawo santimita 156. Kilo uku kacal ya sauke a shekara guda, na ɗan ji ba daɗi, sai na ga ta rubuta lambar da ba ta kai 25 ba inda a da ta rubuta 28. Likita ta sa sabon ɗigo a takardar mai layuka, ya sauko daidai bakin layin sama na 'yan shekara 13. A ɗakin hura iska sau huɗu kawai ya yi aka samu ukun da ake so. Iskar daƙiƙar farko ta ƙaru sosai, ko da yake likita ta ce har yanzu ba ta kai ta yaron da ba shi da asma ba, kuma kada mu ɗauka ciwon ya tafi. Minsharin ya ragu har ƙannensa sun daina ƙorafi, ƙwannafin ma ya daina.

Na roƙe ta ta auna ƙanwarsa mai shekara tara da na zo da ita, domin ita ma na ga ta fara cika. Aka auna, ta ɗan haura layin farko, ba ta kai na biyu ba, aka buɗe mata nata katin. Game da Abba kuwa, likita ta ce in lambobin suka zauna lafiya wata uku a jere bayan hazo ya wuce, za ta gwada rage ƙarfin inhelar rigakafin. Ta ce mu zo mata da littafin Hajiya. Littafin makaranta ne mai shafi 60, an kusa cika na uku, kuma Hajiya ta ce ita za ta kai shi da kanta.